Damin Irin Baffanka Ilu

Da sunan Allah nake farawa, shi ne mai tsare na gida da na hanya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu.

Zuwa ga ɗana Sani, a barikin Magarya. Ina gaishe ka, innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma suna gaishe ka. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka daga sharrin da ka gani da wanda ba ka gani ba. Labarin gida ba zan ɓata tawada a kansa ba. Mai kawo maka takardar bakinsa ba ya hutawa, kafin ka tambaye shi akuyar wa ta haihu ya riga ya gaya maka.

An ce sun ba ka jar hula da ɗamara, kana tafiya kana buga ƙafa kamar ƙasa ta yi maka laifi. Innarka da ta ji ta yi dariya, daga baya ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Ni kuwa tun ranar da ka zama gardi-sarki, ɗan sandan Nasara, ban san abin da nake ji ba. Wata rana in ji daɗi, wata rana in ji tsoro, yawanci kuma duka biyun tare. Ranar da na raka ka bakin gari abin da na ce maka kawai shi ne ka bi na gaba da kai. Na dawo gida ina jin maganar ba ta cika ba, kuma har yau ban tabbata ko daidai ce ba. Shi ya sa na zauna rubutun nan. Ba hikima na tara maka ba, kurakuraina ne zan jera maka, wasunsu ma ban san ko kurakurai ne ba.

Ka san an ƙone mana rumbuna, ka san baffanka Ilu ya bi ƴan tawaye. Amma shekarar kana wajen kakarka a Yekuwa, da ka dawo toka ka tarar. Yadda abin ya faru ba wanda ya tsaya ya gaya maka, ni ma da kake tambaya sai in ce ka tafi ka ba tumaki ruwa.

Kaka ta yi kyau a shekarar, mun gama ɗaurin damma mun cika rumbuna. Wata rana da azahar ina bakin rijiya ina shayar da shanu, sai ga mahaya sun fito daga hanyar Guci, su da dawakinsu duk sun jiƙe da gumi. Suka yi sallama, suka nemi ruwa. Na miƙa musu guga. Innarka ta hango baƙi, ta aiko da ƙwaryar fura. Ban tambaye su ko su wane ne ba, domin ubana bai taɓa tambayar mai ƙishirwa sunansa ba. Daga baya muka ji su ne mutanen da ke cewa Musulmi ba zai biya Nasara lanho ba, wato haraji, kuma da safiyar nan suka tare masu karɓar lanho a hanya, suka kashe gardi ɗaya, suka kwashe dawaki.

Baffanka shi ya fara ganewa. Ya dubi sirdin doki ɗaya ya ga na bariki ne, ya ga jini a jikinsa. Ilu mutum ne wanda ko kaza ba ya so ya yanka, sai ya kira ni, amma ranar ya tsaya a gabansu ya ce, "Ku sha ku wuce, don Allah. Ku kuna da dawaki, mu rumbuna gare mu, kuma rumbu ba ya gudu." Ɗayansu ya ce masa matsoraci. Ya ce ya yarda, su dai su wuce. Da suka tafi ya juyo ya ce mini, "Yaya, wuta suka ɗebo, a ƙofarmu suka zubar."

To wannan shi ne kuskurena na farko. Na ba su ruwa. In an sake maimaita ranar, ban san ko zan hana ba, ina jin hannuna zai miƙa gugan kafin kaina ya yi shawara. Abin da nake so ka riƙe shi ne, in an kai ku wani ƙauye aka ce sun shayar da ƴan tawaye, kada ka ɗauka sun bi su. Mai yiwuwa wani tsoho ne irina yana bakin rijiya, aka yi masa sallama.

Ba a daɗe ba sojoji suka iso da hantsi, suna bin sawun dawaki. Sarjan Banasare yana kan doki, tafinta a gefensa, sojojin wasu ƙasashe da ba su jin Hausa, da gardi-sarki kaɗan waɗanda namu ne. Aka tara mu a gindin tsamiya. Tafinta ya ce wa ya ga mahaya. Ni da nake babba na buɗe baki na ce ba wanda ya wuce nan. Sani, sawun kofato yana nan kwance a taɓon rijiya, ko makaho zai taɓa ya ji. Tsoro ne ya sa ni, da kuma kunyar in nuna bayan wanda ya sha ruwana. Ilu ya ga sarjan yana kallon rijiya, sai ya fito ya faɗi gaskiya. Ya ce sun sha ruwa da fura sun wuce, sun yi kudu wajen iyaka, mu ba ruwanmu da su, shi da kansa ya kore su. Tafinta ya juya maganar. Sarjan ya ce ɗaya ya yi ƙarya, ɗaya ya amsa sun ciyar da su, a ƙone rumbunan garin.

Na yi shekaru ina cewa ƙaryata ce ta jawo. Wani lokaci kuma in ce gaskiyar Ilu ce. Sai na ji labarin wani ƙauye wajen Sassumbrum inda kowa ya faɗi gaskiya, aka ƙone su, da wani inda kowa ya yi shiru, su ma aka ƙone su. Yanzu in ka tambaye ni me mutum zai faɗa ya tsira, wallahi ban sani ba. Abin da na gane kawai, in ka ga talaka yana ƙarya a gaban bindiga, kada ka yi saurin cewa mugu ne. Ubanka ya yi, kuma ba abin da ya ɓoye sai tsoronsa.

Ka san yadda muke yi da iri. Kafin a ɗaure damma, mai gona yakan bi ya zaɓi zangarniya mafi tsawo da cika, ya ɗaure su dabam, ya rataye nesa da rumbun ci. Ko yunwa ta kai ana tafasa ganye, ba a taɓa wannan dami. Kakanka yakan ce ko mayaƙan da, masu zuwa su kwashe gari, suna barin iri, ba don tausayi ba, don su sami abin kwasa baɗi. A gidanmu irin da muka gada zango ne, mai zangarniya kamar tsawon hannu. Da kakanka zai rasu Ilu ya damƙa wa, ba ni ba, ya ce ni idona yana kasuwa, na Ilu yana gona. Na ji haushi a lokacin, amma gaskiya ya faɗa. Ilu yakan kwana biyu yana zaɓen irin nan, yana juya kowace zangarniya yana shinshinawa, har muna yi masa tsiya cewa ko zaɓen mata bai yi wa haka ba. Damin yana rataye a reshen gawon da ke bayan gidansa.

Wanda ya zo da wuta gidan Ilu gardi ne, Bahaushe, da tsagen fuska irin namu. Ya cinna wa rumbu. Ilu yana tsaye yana kallo. Sai gardin ya ɗaga kai ya ga damin a kan gawo. Ilu ya matsa kusa da shi ya yi magana a hankali, ni ina jin su.

"Ɗan'uwa, rumbu an sa ka, ka yi. Wancan iri ne."

"Na san iri ne," in ji gardin. "Ni ma ɗan manomi ne."

Sarjan yana can ɗaya gefen gari, ya ba su baya. Ba wanda ya ce a ƙone abin da ke kan itace. Banasaren nan ina jin ko an nuna masa ba zai bambanta iri da harawa ba. Gardin ya tsaya, ya waiga ya dubi sojojin da ke bayansa. Sannan ya ɗaga wutar ya kai wa damin.

Mutumin nan ya fi sarjan zama a raina. Na juya shi ta kowace fuska ban gane shi ba. Wasu sun ce gardin da aka kashe ɗan garinsu ne, tare suka shiga aiki. Wasu sun ce tsoro ya ji kada abokan aikinsa su kai shi gaba cewa yana tausayin ƴan tawaye. Ko kuma hannu ne kawai, in ya fara ƙonawa ba ya son tsayawa. Na tsine masa shekara da shekaru. Yanzu da aka sa maka hula irin tasa, in na tashi tsine masa sai bakina ya yi nauyi.

Rani ya zo mana da wuya, da taimakon dangi na ƙetaren iyaka muka kai damina. Ilu kuwa kullum yana gindin gawo da faifai, yana rairayar toka, yana tsince ƙwayoyin da yake gani kamar ba su ƙone duka ba. Ya tara ɗan abin da bai cika tafi biyu ba. Innarka, Allah ya saka mata, ashe tana da ɗan tulu na gero da ta binne a ɗakinta, gero ne na kowa, ba zango ba, kuma ba zai wuce gona ɗaya ba. Da ruwan shuka ya sauka na ce wa Ilu ya zo mu shuka tawa tare, in Allah ya kawo mu raba. Ya zo, ya yi mini saran shuka har rana ta take. Da yamma ya ɗauki sungumi ya tafi tasa gonar ya shuka baƙaƙen ƙwayoyinsa. Kowace safiya sai ya je ya tsuguna yana duba ramukan. Tawa ta tsiro ta yi kore, tasa ko ɗaya.

Na same shi a can wata safiya na ce, "Ilu, ka yi haƙuri, Allah ne ya kawo."

Ya ce, "Yaya, na ga hannun da ya riƙe wutar. Da tsage irin namu a fuskarsa."

Na yi masa faɗa, na ce ya yi istigfari. Ya yi, bai musa mini ba, bai taɓa musa mini ba. Amma yau ina ganin haƙuri na ba shi a ranar da iri yake bukata. Da na raba tulun nan biyu, kowa ya shuka rabin gona, da yana da abin nomewa, da abin korar tsuntsu, da abin jira. Ni lissafin ciki na yi, na ce gona ɗaya mai kyau ta fi rabi biyu. Ban yi tunanin cewa namiji yana son ya san akwai abinsa a cikin ƙasa ba. Sai dai kuma in na faɗi haka, innarka takan ce da na raba da ba mu kai kaka da ƙannenka duka ba. Ita ma tana da gaskiya. Ka ga inda nake tsaye.

Ana cikin noman fari ƴan tawayen nan suka dawo, a ƙasa wannan karon, ba dawaki. Na zaci wa'azi za su yi, ba su yi ba. Suka zauna gindin tsamiya. Duk mai abin nomewa yana gona, waɗanda suka tarar a gari su ne waɗanda ba su shuka komai ba. Suka riƙa tambayar kowa me aka ƙone masa, dami nawa, wa ya riƙe wutar. Suka saurara har ƙarshe. Da za su tafi, mutanen da ke zaune suka tashi suka bi su, har da Ilu, wanda ya kore su daga bakin rijiya.

Na bar hauya na bi shi da gudu, na cim masa a bayan gari. Na ce, "Ilu, waɗannan fa su suka jawo mana."

Ya ce, "Na sani, Yaya. Har yanzu ba na ƙaunarsu."

"To me za ka je yi?"

"Su kaɗai suka tambaye ni abin da aka ƙone mini."

Ni yayansa, muna cin tuwo a akushi ɗaya, ban taɓa zama na ce masa ya ba ni labarin damin nan ba, kullum haƙuri nake ba shi don ya yi shiru. Ya ce in kula masa da gona kada ƙaya ta cinye ta, ya juya ya tafi.

Sauran ka gani da idonka. Duk lokacin da aka tare wani a hanya, sai sojoji su zo garinmu, tunda an san Ilu ɗan nan ne. Su daki wanda suka daka, su kama wanda suka kama, su tafi. Kafin wata ya mutu sai a nemi saurayi ɗaya ko biyu a rasa, sun yi kudu. In suka yi yawa a can sai su sake tare hanya, sojoji su sake zuwa. Ni ban yi karatun Nasara ba, amma na kasa gane lissafin kumandan, babban Banasaren bariki. Mahayan da suka sha ruwa a rijiyata ba su fi a ƙirga da yatsu ba, yau kuwa kowane ƙauye da aka ƙone yana da nasa a cikinsu. Kada kuma ka ɗauka ina wanke su. Sun zo sun kwance mana sa, sun ce sadakar yaƙi ce, sun karya hannun ɗan mai gari don an gan shi a bariki. Mu muna tsakiya, kowa ya zo sai ya ce mu na ɗayan ne.

Kuskurena na ƙarshe shi ne kai. Mai gari ya zo ya ce in muka ba bariki ɗa ɗaya daga gidan su Ilu, za a daina kiranmu garin ƴan tawaye, a bar mu mu yi noma. Na ga maganar da hankali, na tambaye ka, ka ce to. Ban sani ba ko so kake, ko don na tambaya ne. Sai da ka tafi innarka ta yi magana. Tana tankaɗe ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Malam, daji ya ɗauki ƙanenka, kai kuma ka ba bariki ɗanka. Ranar da suka haɗu, ko wa ya faɗi, a gidan nan za a yi zaman makoki." Na ce ta daina mugun baki. Amma tun ranar maganar take bina har gona.

To me zan ce maka? In ce ka ƙi umarni, na ga bayan wanda ya ƙi, na ga abin da bulala ta yi masa. In ce ka gudo, kanmu za a sauke. In ce ka bi duk abin da aka ce, to na haifi gardin nan na gindin gawo ke nan. Na rasa wadda zan kama. Abu ɗaya kawai na gani da idona, shi zan ba ka. Akwai abin da ake sa mutum, akwai kuma abin da hannunsa yake ƙarawa. Rumbun Ilu an sa a ƙone, kuma da rumbun kaɗai aka ƙone da yau yana nan yana yi mini gardamar ranar shuka. Damin ba wanda ya sa.

Kai ɗan manomi ne, ka san inda ake ajiye iri, a reshen itace, a ƙarƙashin jinkar rumbu, a tulun da ke ɗakin tsohuwa. Banasare bai sani ba, sojan da aka kawo daga nesa bai sani ba. In ranar ta zo, Allah ya sa kada ta zo, ka zama mai nauyin ƙafa, ka zama wanda bai ɗaga kai ya dubi itace ba. In an ce kai wawa ne ka amsa. In kuma ka sami sarari, ko da a tsaye ne, ka tambayi mai gidan me ya rasa, ka bari ya faɗa har ya gama. Ban ce wannan zai gyara duniya ba. Wataƙila ma ba zai hana kowa tafiya ba, ni dai ban sani ba. Ka riƙe salla, ka yi wa tsofaffi sallama da Hausa ko da hular tana kanka, kada ka ci kazar da aka kama a gidan da ake kuka.

Za ka ga ɗan ƙunshi a cikin tsumman da na naɗe takardar nan. Da kakar da ta wuce wani mai goro daga kudu ya tsaya ƙofar gida, ya miƙa mini abu a naɗe, ya ce wani ya ce a ba ni, bai faɗi suna ba. Na buɗe na ga zangarniyar zango guda, doguwa, cikakkiya, an ɗaure gindinta da kaba irin ƙullin da Ilu kaɗai yake yi. Inda ya samo ta ban sani ba, ko wajen gwaggonka da aka kai Guci da ɗan irin a kayan aurenta. Innarka ta ce alama ce ya ajiye makami ya koma noma. Mai gari ya ce sallama ce yake yi mana. Ni na zauna da ita a hannu har la'asar ta wuce, ban gane ko ɗaya ba, kuka kawai na yi.

Na karya ta biyu. Rabi yana tulun innarka, rabi ga shi na aiko maka. Kada ka ci, kada ka nuna wa kowa. Ka sa a aljihun da ke gefen hannun da kake riƙe bindiga.

Bayan kowace salla nakan ɗaga hannu in ce Allah ya ba ɗana nasara, sai in tuna a kan wa, sai in sauke hannun ban shafa ba. Na tambayi liman yadda ake wannan addu'a, ya ce in roƙi lafiya kawai. To ita nake roƙo. Allah ya tsare ka, ya tsare baffanka, ya sa in kun bi hanya ɗaya ku yi saɓani. Allah ya tsare hannunka daga abin da za ka kasa mantawa. Allah ya dawo mini da kai da ƙafafunka.

Na share gonar baffanka bana ma, kamar kowace shekara, na ƙone ƙayar. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Rabin zangarniyar da ke tulu ba zai cika ko kusurwa ɗaya ba, kuma ni ba zan shuka shi ba. Yana nan yana jiran wanda ya riga dawowa a cikinku.

Ka huta lafiya cikin tsaron Allah.

Daga mahaifinka.